Amurkawan da Suka Mayar da Mota Gida



Yau sharhinmu zai kai mu Amurka, mu leƙa wata rayuwa da ba kasafai ake nuna mana ita a talabijin ba. Akwai mutane masu ɗimbin yawa a can da suka miƙa wa mai gida makullinsa, suka sayar da gado da kujeru, suka tattara abin da ya rage suka koma cikin mota da zama. Ba tafiyar hutu ta mako biyu nake nufi ba. A cikin motar suke kwana, a ciki suke girki, a ciki suke jinya, rani da damina, shekara da shekaru. Dalilin da mutane da dama cikinsu ke bayarwa guda ne: kuɗin haya ya fi ƙarfinsu.

Bari in fara da kwatanta abin, don kada kalmar tirela ta ruɗe mu. A wurinmu in an ce tirela, hankali yana tafiya ga babbar motar ɗaukar siminti ko shanu. A can kuwa ɗaki ne mai taya da ake ƙulla wa a bayan mota a ja shi. Akwai kuma babbar motar da aka ƙera musamman kamar gida, mai gado da murhu da firiji da makewayi a ciki, wadda suke kira RV a taƙaice. Mafi yawansu a garin Elkhart na jihar Indiana da kewayensa ake ƙera su, kuma a shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun cunkoso, masana'antun sun fitar da sama da 600,000 a shekara ɗaya. Sai kuma na ƙasa da su, waɗanda ba su da halin sayen ko ɗaya daga cikin waɗannan: su kan samu tsohuwar bas ta ɗaukar kaya, su cire kujerun baya, su shimfiɗa katako da katifa, su rufe tagogi da labule. Shi ke nan, gida ya samu.

Ruwa ba ya tsami banza. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 bai motsa ba, ko da yake jihohi da dama sun ɗaga nasu. Haya kuwa ba ta tsaya jiran kowa ba. Cibiyar nazarin gidaje ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta cewa a 2022 iyalai masu haya fiye da miliyan 22, wato rabin duk 'yan hayar ƙasar, suna kashe sama da kashi 30 cikin 100 na abin da suke samu a kan haya da wuta da ruwa. Kafin nan an yi rikicin bashin gidaje na 2008, wanda ya sa bankuna suka ƙwace miliyoyin gidaje. Mutumin da ya yi shekara 20 yana biyan bashin gida, ya wayi gari ba gidan ba ajiyar, ga shi ya haura 55, ba mai ɗaukarsa aiki mai tsoka, ina zai dosa? Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Da yawansu motarsu ce ta zama ɗakin.

Wata 'yar jarida mai suna Jessica Bruder ta bi waɗannan mutane na tsawon shekara 3, har ita ma ta sayi tsohuwar bas ta zauna a ciki don ta ga abin da idonta. A 2017 ta fitar da littafinta Nomadland, wanda aka mayar fim, fim ɗin kuma ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2021. Labarin fim ɗin ya taso ne daga wani gari na gaske, Empire, a jihar Nevada. Garin kacokan na wani kamfanin haƙar farar ƙasa ne ta yin allon rufi da bango. A farkon 2011 kamfanin ya rufe masana'antar, ma'aikata suka tashi daga gidajen kamfani, har hukumar gidan waya ta soke lambar garin. Ku yi tunanin gari guda a ce yau babu shi ko a adireshi.

Akwai wani dattijo da ba a maganar wannan rayuwa ba a ambace shi ba, Bob Wells. A 1995 yana aiki a wani babban kanti a birnin Anchorage na jihar Alaska, aurensa ya mutu, kuɗin ɗawainiyar iyali da na haya suka haɗe masa. Ya sayi wata tsohuwar motar kaya a kan dala 1,500 ya koma ciki. Shi da bakinsa ya ce darensa na farko da kuka ya yi barci. Amma da wata ya ƙare ya ga babu mai gida da zai zo karɓar haya, sai ya fara ganin abin da wani ido. Ya shekara 6 a motar. Daga baya ya buɗe shafi a intanet yana koya wa mutane yadda ake wannan zama da kuɗi kaɗan, sannan a 2011 ya fara wani taron shekara-shekara a hamadar Arizona. Mutum 45 ne suka zo na farko. Cikin 'yan shekaru taron ya koma na dubbai.

Ban zo in ƙaryata Bob Wells ba. Sauƙin da yake magana a kai gaskiya ne. Wanda fanshon gwamnati ne kaɗai abin dogaronsa, kuma fanshon ba ya kai kuɗin hayar ɗaki ɗaya a babban birni, in ya cire haya daga lissafinsa ya samu numfashi. Hukumar da ke kula da filayen gwamnatin tarayya a yammacin ƙasar tana barin mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 a wuri ɗaya, sannan ya matsa gaba. Kusa da garin Quartzsite a Arizona akwai filayen da aka keɓe don dogon zama, inda shekaru da yawa takardar izinin zaman wata 7, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, ta kasance dala 180 kacal. Quartzsite ɗan ƙaramin gari ne, mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, amma in sanyi ya shigo sai hamadar ta cika da fararen motoci iya ganinka. Wanda ya sa farantin sola a rufin motarsa, yana dafa abincinsa da kansa, ba ya yawan tafiya, lallai zai iya rayuwa da kaɗan daga abin da ɗan haya ke kashewa. Wasu sun biya bashinsu ta haka. Wasu sun tara abin sayen fili.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hotunan da ake sa wa a YouTube da Instagram, na mota mai tsabta a bakin teku da rana tana faɗuwa, ba sa nuna yoyon.

Mu ɗauki safiya guda a cikin irin wannan mota a lokacin sanyi. Mutum ya farka, numfashinsa na dare ya zama raɓa a jikin gilashi da bango, yana gangarowa bayan katifa. In bai goge ba, bai buɗe taga ba, nan da 'yan makonni baƙin fumfuna ya kama katakon. Ya duba batir ya ga ya yi ƙasa saboda jiya hadari ya rufe rana. Ya girgiza tukunyar gas ya ji saura kaɗan, ga shi da ita yake girki, da ita yake ɗumama ɗaki, kuma in ya kunna na'urar ɗumama ya toshe ko'ina don gudun sanyi, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa zai iya kashe shi cikin barci. Ruwan da ke tanki ƙididdigagge ne, kofi ɗaya na wanke baki, kwano ɗaya na wanke-wanke. Wanka kuwa, da yawansu suna biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki ne don kawai su samu wurin watsa ruwa.

Sai maganar da ba a son yi a bainar jama'a, amma dole a yi ta. Makewayin motar tanki ne a ƙarƙashi. Duk bayan kwanaki sai ya cika. Mai motar zai tuƙa ta zuwa wurin da aka tanada, ya sa safar hannu, ya ɗaura wani kakkauran tiyo, ya ja marfi, ya tsaya a kai har ƙazantar ta gama sauka, sannan ya saki ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyon, sau da yawa kuma ya biya kuɗi. Mai ƙaramar bas da ba shi da tanki, bokiti ne da leda. Wannan aiki tsohuwa 'yar shekara 70 mai ciwon gwiwa ke yi da hannunta, duk mako, ko lafiya ko ba lafiya.

Ga kuma kuɗaɗen da ba sa zuwa a ƙarshen wata amma suna zuwa. Babbar motar gida lita ɗaya ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4, don haka duk wata tafiya rami ce a aljihu. In ka ce za ka zauna wuri ɗaya mai wuta da ruwa, filayen haya na motocin suna karɓar ɗaruruwan daloli a wata, a wasu birane ma fiye da 1,000, kuma da yawansu ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10 da ƙerawa. Talakan da ya fi bukatar wurin shi ne mai tsohuwar mota. Gida na ƙasa yakan ƙara daraja in an daɗe, mota kuwa tun ranar da aka saye ta take faɗuwa. Wanda ya ci bashin banki na shekara 15 ya sayi sabuwa, sau da yawa bashin da ke kansa ya fi abin da motar za ta yi in ya sayar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da injin ya tsaya. Kai da ni in motarmu ta lalace, mu kai wa bakanike mu hau ta haya mu koma gida. Shi kuwa in giyar motarsa ta mutu, gidansa ne ya shiga gareji, da gadonsa da tukunyarsa da maganinsa. Gyaran na iya cin dala dubu 3 ko 4. In babu, kuma motar na gefen titi, 'yan sanda za su manna takarda, a zo a ja ta, kuɗin ajiya ya riƙa hauhawa kullum har ya fi ƙarfinsa. Mutane da yawa ta wannan hanya suka tashi daga mota suka koma tanti a gefen titi. Tsakanin mai kwana a mota da mai kwana a ƙarƙashin gada, sau da yawa gyara ɗaya ne.

To da me suke cin abinci? Masu ƙuruciya da ilimin kwamfuta suna aikinsu ta intanet daga duk inda suke, waɗannan su ne masu sauƙi. Tsofaffin kuwa ci-rani suke yi, kamar yadda muka san shi. Da bazara su yi gadin sansanonin shaƙatawa a gandun daji, suna share makewayi suna karɓar kuɗin shiga. A watan Oktoba su nufi jihohin North Dakota da Minnesota girbin wani rogo da ake yin sukari da shi, awa 12 a tsaye cikin sanyi. Gab da Kirsimeti kuma, kamfanin Amazon ya yi shekaru da dama a baya yana gudanar da wani shiri na musamman mai suna CamperForce, na ɗaukar mazauna mota aikin wucin gadi a manyan rumbunansa, yana biya musu kuɗin filin ajiye mota. Bruder ta shiga aikin da kanta, ta kuma ba da labarin mutane masu furfura suna tafiyar kilomita 20 a kan siminti cikin awa 10 na aiki, suna haɗiyar maganin ciwon jiki. Waɗannan fa shekarunsu na zama a inuwa ne jikoki suna wasa a gabansu.

Ciwo ma wata babbar magana ce. Kusa da iyakar Arizona akwai wani ɗan gari a Meziko, Los Algodones, da ya cika da likitocin haƙori. Mazauna mota kan ajiye motarsu a gefen Amurka su tsallaka da ƙafa a cire musu haƙori ko su sayi magani, saboda a gida kuɗin ba ya biyuwa.

Akwai kuma matsalar adireshi. A Amurka lasisin tuƙi, inshora, asusun banki, katin zaɓe, duk sai da adireshi. Saboda haka aka samu kamfanonin da ke ba mutum akwatin wasiƙa ya zama tamkar gidansa a takarda. Jihohin South Dakota da Texas da Florida su aka fi zuwa, don ba sa karɓar harajin albashi na jiha. Wata ƙungiyar masu wannan rayuwa, Escapees, da aka kafa a 1978, tana da cibiya a garin Livingston na Texas inda dubban mutane ke da adireshi a titi guda, alhali wasunsu sai su shekara ba su taka garin ba.

A cikin birane lamarin ya fi muni, kuma a nan ne maganar "zaɓi" take faɗuwa ƙasa warwas. A garin Mountain View na California, inda hedikwatar Google take, an daɗe ana ganin jerin motocin gida a gefen titi. Mazauna cikinsu da yawa ma'aikata ne, masu girki da masu shara da magina, waɗanda garin ba zai tashi da safe ba sai da su, amma albashinsu ba zai kama musu ɗaki a cikinsa ba. A 2020 mazauna garin suka kaɗa ƙuri'ar hana manyan motoci tsayawa a ƙananan tituna. Masu kwana a mota suna da wani abu da suke tsoro fiye da sanyi, wato ƙwanƙwasar dare: ƙarfe 2 ko 3, a haska tocila a taga, a buga ƙofa, a ce tashi ka bar nan. Shi ya sa suke toshe tagogi da baƙin ƙyalle, suke isowa bayan duhu, suke barin wuri kafin gari ya waye, kamar masu laifi. Wasu rassan kantin Walmart suna barin a kwana a filin ajiye motocinsu, wasu kuma sun hana. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce birane na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a ko da babu gadon da za a ba su a gidan marasa galihu. A wannan shekarar ce kuma ƙidayar gwamnati ta dare ɗaya ta samu mutum fiye da 770,000 da ba su da muhalli, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ƙidayar.

Wani zai ce ai mu ma mun san masu yawo da gidansu, ga Fulani makiyaya nan. Kwatancin bai zauna ba. Bafulatani yana tashi da iyalinsa da dukiyarsa da danginsa, in ya kwanta ciwo akwai mai kawo masa ruwa, in ya rasu akwai masu yi masa sutura. Da yawa daga cikin waɗannan mutane su kaɗai ne a motar, ko su da kare. Abin da ya sa taron Bob Wells ya cika ke nan. Suna zuwa koyon haɗa sola da gyaran birki, amma abin da ya fi kawo su shi ne su zauna a bakin wuta da wanda ba zai raina su ba. Suna taimakon juna ƙwarai, wannan ya gyara wa wancan inji, wancan ya ba wannan bargo, kuma ƙungiyar da Wells ya taimaka aka kafa a 2018 har kyautar mota take bai wa waɗanda suka rasa komai. Wannan zumunci ya burge ni. Amma in Afrilu ta yi, zafin hamada ya fara tasowa, kowa ya tada injinsa ya kama gabansa.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a fili yake. Wanda ke da lafiya, yana da ajiyar da za ta gyara injin in ya tsaya, yana da inda zai koma in ya gaji, in ya zaɓi zaman mota don ya tara kuɗi ko ya ga ƙasa, babu mai zarginsa, kuma lissafinsa na iya fita. Amma dattijon da ya yi wa ƙasarsa aiki shekara 40 ya ƙare yana zubar da bokiti da asuba yana gudun tocilar ɗan sanda, wannan ba dabarar tattali ba ce, gazawar hukuma ce da ta bari gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi ya tsaya, haya ta gudu ta bar albashi. Kuma laifi ne a kan laifi a bi shi da tara. Tarar da ba zai iya biya ba ita ke kai ga jan motar, jan motar kuma shi ke kai shi titi, inda kula da shi zai fi cin kuɗin gwamnati.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma an gwada ta. Tun 2004 a birnin Santa Barbara na California ake da wani shiri na buɗe filayen ajiye motoci na coci-coci da ofisoshi da dare, masu kwana a mota su shigo da yamma su fita da safe, da makewayi, ba mai buga musu ƙofa, ga kuma ma'aikatan jin ƙai da ke taimaka musu neman gida na dindindin. Birane da dama sun kwaikwaya. Filin nan dama a wofi yake kwana. Abin da ake bukata kaɗan ne.

Mu kuma a nan, masu sauraro, akwai abu biyu da nake so mu ɗauka. Matashin da ke shirin sayar da gonar gado don ya tsallaka, yana ganin duk wanda ya taka Amurka ya tsira, ya sani hangen Dala ba shiga birni ba ne, akwai 'yan ƙasar da kansu da ke aiki cikakke suna kwana a mota. In kana da ɗan'uwa a can yana turo maka ɗan abin da ya samu, ka tambaye shi nawa yake biyan haya kafin ka ƙara masa wata bukata. Na biyu kuma, duk wanda ya nemi ɗaki a Abuja ko Kano a 'yan shekarun nan, aka ce ya kawo kuɗin shekara a dunƙule, da na dillali a kai, ya san cewa mu ma hanyar muke bi. Abin da ya rufa mana asiri har yanzu shi ne gidan gado da zaure da ɗakin da ake ba ɗan'uwa in ta ƙure masa.

Don haka ina roƙon masu gidajen haya su ji tsoron Allah wajen ƙarin kuɗi, ina roƙon gwamnoninmu su mayar da hankali ga filaye da gidajen da ma'aikaci da ɗan kasuwa za su iya biya. Kai kuma mai sauraro, in kana da tsoho a dangi da haya ta fara gagara, ka je ka duba shi a makon nan, kada ka jira sai an fitar masa da kaya waje.